Inna Falta da Sharaɗi na Tara

Duk wadda ta taɓa kai niƙa gidan Inna Falta a Unguwar Ɗinya ta san dokar gidan. Ki ajiye ƙwaryarki a bakin ƙofa a rufe da faifai, ki koma gindin darbejiya ki jira. Ba a shiga ɗakin inji. In aka tambaye ta dalili sai ta ce bel ɗin injin ya taɓa fizge zanen wata mata, ya bar ta tana neman inda za ta ɓuya. Shekara talatin ke nan ana jin labarin matar nan, har yau ba a sami wanda ya san sunanta ba. Ai ba za a samu ba, don ba a taɓa yin ta ba.

Falta jikar Barebari ce. Kakanta ya zo daga Barno da jakunansa yana fataucin kanwa, ya iso wannan ƙasa ta arewa da Kano inda gona ke jingine da gona, ba ka samun ko wurin ɗaure akuya da ba shi da mai shi. Ya ga wurin ya yi masa, ya sauke kaya bai sake ɗauka ba. Ita Falta, abin da ta gada na Barbarci bai wuce gaisuwa da zagi biyu ba, kuma zagin ta fi amfani da shi. Doguwa ce, mai ƙarfin dantse, dariya ba ta dame ta ba. Ta auri Mala, ɗan uwanta na nesa, manomi mai son taɓa ƙarfe, shi ya fara kawo injin niƙa garin. Suka haifi 'ya'ya mata uku, duk sun yi aure, biyu a Minjibir, ɗaya a cikin birni. Da Mala ya rasu mutane suka ɗauka za a sayar da injin. Ranar da ta fita takaba, da hantsi aka ji shi ya tashi, ita da kanta ta murza shi.

Amma ba injin ne ya sa ake ba da labarinta ba, rumbun da ke bayan ɗakin injin ne.

A wata shekara da ruwan sama ya ɗauke, gero na tsaka da fitar da kai, Mala da amininsa Malam Sama'ilu, malamin firamaren garin, suka ga abin da ya hana su sakat. Magidanci da gemunsa yana tsaye a ƙofar gidan wani yana murza hula, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Suka tara maza suka ce a yi wani abu. Wani tsoho da ba shi da magaji ya ba da gonarsa ta bakin hanya, da baki kawai, a gaban liman. Aka riƙa noma ta da gayya, da kaka kuma kowa ya ƙara da dami ɗaya daga tasa gonar. Aka gina rumbu a gidan Mala. Sunan abin Rumbun Gayya, dokarsa kuwa guda ɗaya ce tak: maza su cika, Falta ta rage, kada wanda ya tambaye ta inda hatsin ya tafi.

Don me Falta? Don mai inji ta fi kowa sanin cikin gidajen gari. Gidan da ya saba aiko da ƙwarya cike, in damina ta yi nisa sai ka ga ta koma rabi. Daga nan a fara gauraya dawa da dusa. Daga nan a fara tsallake kwana. Falta ba ta tambaya, tana ɗaga ƙwarya hannunta ya gaya mata. Sai ta shige ɗakin inji ta turo ƙofa, ta buɗe buhun surfaffen hatsin gayya da ke bayan ƙyaure, ta ƙara. Ƙwarya ta shigo sakayau, ta fita da nauyi, faifai a rufe. Matar gida ta ɗauka ta aza a ka, ta ce, "Sannu da aiki, Inna." Falta ta ce, "Sannunki." Shi ke nan, ba godiya, ba haɗa ido. Maigida ya ci tuwonsa yana yabon matarsa da iya tattali.

To, damina uku ke nan da ƙwaryar Aina'u ta fara zuwa sakayau, kuma Aina'u matar Malam Sama'ilu ce.

Shi Malam ya yi ritaya tuntuni. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa, irin wanda in ya tsinci allura a hanya sai ya sa an yi cigiya a masallaci. Ga shi kuma da ji da kai. Ƙanensa ya rasu ya bar masa yara shida, ya haɗa da nasa jikokin ya riƙe. Aka fitar da sabuwar hanya ta cinye masa rabin gona. Ido ya yi rauni, gwiwa ta hana shi hawa rumbu, sai ya bar wa Aina'u ɗiban hatsi. Duk da haka, da kaka daminsa ne ya fi na kowa girma a Rumbun Gayya, an yi an yi ya rage ya ƙi. A majalisa kuwa ba ya gajiya da faɗin cewa hannun Aina'u akwai albarka, rumbunsa bai taɓa ƙarewa kafin a ci tumu ba, kuma shekara talatin gidansa bai taɓa cin ƙwaya ɗaya ta gayya ba. Da zuciya ɗaya yake faɗa, don iyakar abin da ya sani ke nan. Falta in labari ya zo mata sai ta ce, "Allah ya ƙara albarka," ta ci gaba da share garin da ya zube.

Da haka za a ci gaba da tafiya, ba don birni ya miƙo ƙafa ba. Gidaje suka cinye gonakin wajen Ungogo, suka doso. Wata safiya da rani aka wayi gari an ga turakun siminti a gonar da ke maƙwabtaka da ta gayya, an yanka ta fuloti-fuloti, awon igiya. Bayan sati biyu wasu dillalai suka tsaya da mota suna tambayar wa ke da ta bakin hanya. Aka ce musu ta gari ce. Suka ce wane ne gari, ina takardarsa? Tsohon da ya bayar ya rasu, limamin da ya shaida ya rasu. Hankalin kowa ya tashi.

Aka kira Barista Abdulrashid, ɗan garin ne da ke aikin lauya a Kano, kuma a ajin Malam Sama'ilu ya fara riƙe fensir. Ya ce musu gona ba ta samun takarda sai da sunan mai ita, Rumbun Gayya kuwa a idon hukuma ba kowa ba ne. Sai an yi masa rajista a Abuja ya zama ƙungiya mai suna, da kundin dokoki, da hatimi, da amintattu waɗanda za su riƙe dukiyarta amana. Daga nan ko duk sun mutu ƙungiyar tana nan, gonar tana nan. Kowa ya ce a yi. Aka zaɓi amintattu biyar, Malam Sama'ilu a gaba, Falta a ciki tunda ba a raba ta da rumbun. Har hoto aka ɗauke ta, ta fito kamar an ce mata injin ya mutu.

Ruwa ya riga ya zauna lokacin da Barista ya dawo da daftarin dokokin. Aka taru a zauren gidan Mala bayan la'asar, maza a ciki, Falta a tabarmarta a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida. Yana karantawa yana fassarawa, ana gyaɗa kai, wasu na gyangyaɗi. Ya zo sharaɗi na tara: dukiyar ƙungiya ta aikin ƙungiya ce, amintacce ba zai ci moriyarta ba.

Malam Sama'ilu ya ɗaga sanda. "Abdulrashid, wannan bai isa ba. Ƙara da cewa shi da duk wanda ke ci a tukunyar gidansa. Kuma ranar sa hannu a kawo Alƙur'ani kowannenmu ya dafa. Ba na son bayan ranmu a ce amintattu sun mai da rumbun marasa ƙarfi nasu."

Aka yi ta sa masa albarka. Barista ya rubuta, ya ce nan da sati biyu zai dawo a sa hannu. Falta tana zaune tana jin su. Bawan Allah ya rufe wa gidansa ƙofar abinci da bakinsa, ana yi masa kabbara.

Ta juya maganar ta kowace fuska, ba ta ga mafita ba. In Malam ya dafa Alƙur'ani, ita kuma ta ci gaba da ƙara wa Aina'u, ta karya tata rantsuwar, ta kuma ɗura masa abin da ya rantse ba zai ci ba, bai sani ba. In ta daina, baki goma sha huɗu ne a gidan, kuma saura wata biyu cur a ga tumu. Ta leƙa nata rumbun, na tsohuwa mai zaman kanta, ta ga ko kwana goma ba zai riƙe su ba. In kuma ta gaya masa gaskiya, to ta tone abin da aka gina rumbun don a rufe, kuma ta fara da wanda ya gina shi. Sau biyu tana barin injin yana gudu babu komai a cikinsa, sai da matan gindin darbejiya suka ƙwala mata kira.

Ranar Talata ta rufe ɗakin inji, abin da ba ta yi sai in an yi rasuwa, ta hau mota ta nufi ofishin Barista.

"Inna, da kin kira ai da na zo," in ji shi.

"Tambayar ba ta waya ba ce. Sharaɗin nan na tara, ba a cire shi?"

"Tushensa hukuma ce ke nema, in babu shi za su dawo mana da takardun. Ƙarin da Malam ya yi kuwa jama'a sun amince. Sai dai a koma gabansu a faɗi dalilin cirewa."

"A ce, misali, wani amintacce shekara ta juya masa baya."

"Sai ya sauka, a taimake shi kamar kowa." Ya dube ta ta saman tabarau. "Akwai wani ne, Inna?"

"Na ce maka misali."

Abdulrashid a garin ya tashi, ya san dokar rumbun, bai sake tambaya ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne, ranar sa hannu zai tambaya ko akwai mai ja a kan wani suna, don gara a ji a zaure da a ji bayan an buga sunayen a jarida. Ya ce cika ƙa'ida ce kawai, ba wanda zai ja. Ta riƙe maganar nan har gida.

Washegari da Aina'u ta kawo niƙa, Falta ta karya dokarta. Ta jawo ta cikin ɗakin inji ta turo ƙofa, ta bar injin yana ruri don kada a ji su. Shi ne karo na farko a damina uku da suka yi maganar da baki. Aina'u ta saurara har ƙarshe, ta zame ta zauna a kan buhu.

"Yaya Falta, ki daina ƙara mana. Za mu lallaɓa da tafasa da rama."

"Yara goma za ki riƙe da tafasa wata biyu?"

"To ki bari ya sa hannun. Allah ya san bai sani ba."

"Ni ai na sani."

Aina'u ta rufe fuska da gefen hijabi. "Don Allah kada ya ji. Gona ta tafi, ido ya tafi, ba abin da ya rage wa mutumin nan sai maganar da yake faɗa a majalisa. In ya ji, ba yunwa ce za ta kwantar da shi ba."

Falta ta ji tausayinta. Ta kuma ji haushin Malam, haushi na gaske, don shi ya jawo musu da shegen taurin kansa. Ta niƙa, ta ƙara, ta rufe faifai.

Ta gwada lalama. Ta tare shi a ƙofar gidansa ana saura kwana uku, bayan gaisuwa ta ce, "Malam, zirga-zirgar amintattun nan da yawa, ga gwiwa. Me zai hana ka bar wa masu jini a jika, ka zama uban ƙungiya?"

Ya yi dariya har da buga sanda. "Haba matar Mala. Abin da ni da aminina muka fara a zauren nan naki? Shi bai ga wannan rana ba, ni sai in gani in noƙe? Har riga na ba da ɗinki. Ina so in shafa sunana a jikin satifiket ɗin nan kafin a kai ni."

Ta yi masa sallama ta koma gida.

Ranar Asabar da hantsi zaure ya cika har waje. An yi ruwa da asuba, ƙamshin ƙasa na tashi. Alƙur'ani na kan sabuwar tabarma a naɗe cikin farin ƙyalle. Malam Sama'ilu na zaune a gaba cikin sabuwar riga mai ruwan toka, ko karin guga bai saki ba. Barista ya jera takardu, ya ce kafin rantsuwa zai kira suna ɗaya-ɗaya.

"Malam Sama'ilu. Akwai mai ja?"

Wasu suka yi dariya. Barista ya riga ya ɗaga biro zai wuce.

"Ni ina ja."

Muryar daga bakin ƙofar cikin gida ta fito. Aka waiwaya gaba ɗaya. Falta ce zaune a tabarmarta, hannuwanta a ƙarƙashin mayafi.

Barista ya yi gyaran murya. "Inna, sai an faɗi dalili."

Ta kwana uku tana neman dalilin da ba ƙarya ba, kuma guda ɗaya ta samu. "Malam ba ya gani. Wanda ba zai iya karanta abin da aka miƙo masa ba, ba a ba shi riƙon takardar gona. Gobe dillali ya kawo masa takarda ya ce ta taki ce, ya sa hannu."

Wani daga baya ya ce ai ga Barista, sai ya riƙa karanta masa. Wani ya ce subhanallahi, yau kuma me ya shiga kan Inna.

"To in yana ciki a cire ni," ta ce. "A zo a kwashe rumbu daga gidana yau."

Nan fa ake yin ta. Kowa a zauren ya san ba wanda zai iya aikin rumbun in ba ita ba, kuma wasu daga cikinsu, Allah kaɗai ya san su, sun fi son kada a tsawaita zancen rumbu ko kaɗan.

Malam Sama'ilu ya juyo da fuskarsa wajen da muryarta take. Bai ɗaga murya ba. "Ni, Falta? Rabin zauren nan ni na koya musu karatu. Da Mala yana raye..."

"Ba ya raye," ta ce.

Wallahi ko ita da ta faɗa sai da ta ji kamar ta haɗiyi garwashi. Malam ya dafa sanda ya miƙe. "Abdulrashid, goge sunana. Ba a ja da ni a kan amana sau biyu."

Ya fita. A bakin zaure ya tsaya yana laluben takalminsa da ƙafa cikin tarin takalma, kowa na kallo, ba wanda ya yi ƙarfin halin miƙa masa. Aka sa wani a gurbinsa, aka dafa Alƙur'ani, aka sa hannu. Falta ta dangwala nata, ba wanda ya yi mata sallama da aka tashi.

Ta san zai yi fushi, ta shirya wa wannan. Abin da ba ta kawo a ranta ba shi ne hanyar da fushin zai bi. A ranar ya kafa wa Aina'u doka: daga yau ƙwaryar gidansa ba ta sake taka ƙofar matar nan, a kai injin unguwar gabas. Wato ta ci mutuncin aminin mijinta a bainar jama'a don ƙofar abinci ta zauna a buɗe, ga shi fushin ya zo ya rufe ta.

Kwana ɗaya, kwana biyu, ba Aina'u. Gari ya ɗauka Falta so take ta ci rumbu ita kaɗai, wasu matan ma suka janye niƙansu. Wannan bai dame ta ba. Abin da ya dame ta hayaƙin gidan Malam ne. Tana hango shi ta saman katanga, da yana tashi safe da yamma, yanzu sau ɗaya, shi ma ba ya daɗewa. Ta yi tunanin aika gari ta hannun wata, ta ga ta ƙara mutum na uku a cikin asirin. Ta yi tunanin zuwa da kanta, ta san a ƙofa za a tsayar da ita. Kwana huɗu tana zagaye tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai, tana cewa a ranta, "Falta, kin yi ɓarna."

A rana ta biyar, bayan azahar, lokacin da gindin darbejiya ba kowa, ta ji ƙarar sanda a zaure. Ta leƙo. Malam Sama'ilu ne, shi kaɗai, hannu ɗaya a cikin riga. Ya yi sallama ta amsa. Ya fito da hannun, sai ga ƙwaryar Aina'u a rufe da faifai. Dattijo ɗan shekara saba'in da ɗoriya, wanda bai taɓa kai niƙa ba tun yana yaro.

"Jiya na hau rumbu," ya ce. "Da gwiwar nan. Kwana huɗu ana ba ni kunu kamar ruwan wanke hannu, na ce bari in duba. Na zura hannu har kafaɗa, ƙasa na taɓo." Ya numfasa. "Aina'u ba ta ce komai ba, kuka kawai take yi. Amma ni malamin lissafi ne, Falta. Tun yaushe?"

Ta ce, "Ba a tambaya, Malam. Kai ka kafa dokar."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Da na dafa Littafin."

"Da ka dafa."

Ya sunkuya da ƙyar ya ajiye ƙwaryar a bakin ƙofar ɗakin inji, ya lalubi hanya da sanda ya je gindin darbejiya, ya zauna a kan kututturen da mata ke zama, ya jira.

Falta ta ɗaga ƙwaryar. Ko rabin mudu ba ta kai ba. Ta shiga ta turo ƙofa, ta murza injin, sai a karo na uku ya tashi. Ta buɗe buhun bayan ƙyaure. Hawaye na zuba tana gogewa da bayan hannu, fuska duk ta yi fari da gari. Ta ƙara kamar yadda ta saba, ba ta rage ba, ba ta ɗora ba. Ta rufe faifai, ta kai masa har inda yake.

Ya karɓa da hannu biyu. Nauyin ya ja hannuwansa ƙasa, ya tsaya a haka yana jin sa, kansa a sunkuye. Ta ɗauka zai mayar mata, ta shirya wa hakan. Sai ya gyara riƙo, ya rungume ƙwaryar a ƙirji.

"Sannu da aiki," ya ce.

"Sannunka," in ji ta.

Satifiket ya iso bayan an yi girbi, aka sa shi a gilashi aka rataye a zauren gidan Mala. Sunaye biyar ne a jiki, babu na Malam Sama'ilu. Gonar bakin hanya ta sami takardarta, dillalai suka daina tsayawa. Aina'u ta dawo da kawo niƙa, aka ce garin injin gabas ne ya cika tsaki. Malam ya daina zancen albarkar rumbunsa a majalisa, kuma da kakar nan daminsa ya zo daidai da na kowa, karo na farko.

A waje kuwa har yau ba sa gaisawa. In suka shirya sai an tambayi dalili, su biyun sun san haka ba tare da sun zauna sun tsara ba. In aka ambaci sunanta a gabansa sai ya yi shiru, jama'a su ce bai huce ba. Ita kuma ana nan ana ba da labarinta a matsayin matar da ta wulaƙanta aminin mijinta a kan kujerar ƙungiya, ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Da sallah babbar 'yarta ta zo daga Minjibir, ta zaunar da ita ta ce, "Inna, maganar nan tana yi mana ciwo. Me Baba Malam ya yi miki?"

"Ba ya gani," Falta ta ce.

Ta ɗauki ƙwaryar da ke bakin ƙofa, ta jinjina ta a hannu, ta shige ɗakin inji ta turo ƙyaure.